Digirin motsa jiki da shaƙatawa: Abin da ɗalibin Kaduna ya kamata ya sani

A Najeriya, karatun wasanni da shaƙatawa yawanci yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sashen nazarin motsa jiki da ilimin lafiya ne ke koyar da shi, tsawon shekara 4 ga wanda ya shiga ta JAMB. Ɗalibi zai karanci tsarin jikin ɗan'adam, horar da 'yan wasa da tafiyar da filayen wasanni, sannan ya yi gwajin koyarwa a makaranta.

Ke nan digirin ya fi karkata ga aikin malanta. Mai burin kula da wurare irin su Ƙofar Gamji ko Dandalin Murtala a Kaduna, sai ya nemi gogewa a can tun yana ɗalibi.