Wankin Kayan Majami'a: Amana Kafin Kuɗi

Ƴan uwa mata, tun da aka rufe COMINAK a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da dama sun koma dogaro da hannun mace. Wanki da guga na cikin sana'o'in da ke cika mana kuɗin zubi a asusu. To, akwai wani wanki da ya kamata mu san ƙa'idarsa kafin mu karɓa: fararen ƙyallayen da maƙwabtanmu ƴan Katolika ke sujada da su.

Ba duka ɗaya ba ne. Akwai babban mayafin bagade, akwai farar rigar fada. Waɗannan wankinsu kamar na kowane farin yadi ne. Amma akwai ƙanana biyu: wanda ake shimfiɗawa a aza gurasa da ƙoƙon ruwan inabi, da wanda ake share ƙoƙon. A imaninsu, abin da ya taɓa waɗannan mai tsarki ne. Shi ya sa umarnin da Batikan ta fitar a 2004 ya so a fara ɗauraye su da hannu, a zuba ruwan a ƙasa mai tsabta, ba a kwata ba. Bayan nan sai wanki na yau da kullum. Mu kan tambaya tun farko: an yi ɗaurayar farin, ko mu za mu yi?

Sauran sirrin hannu ne. Tabon inabi ruwan sanyi yake so, na zafi kafe shi yake yi. Kakin kyandir a bari ya daskare, a kankare, a ɗora takarda a bi da dutsen guga. Javel mai yawa cin zare yake. Ƙyallen share ƙoƙo ba a sa masa sitati, don kada ya ƙi shan ruwa. Na shimfiɗa kuwa ninki uku ake masa ta kowane gefe, ya ba da gida tara, a naɗe ciki don kada ɓurɓushi ya zube.

Kun san ƙurar Arlit. Shanya a tsakar gida lokacin hunturu, kafin la'asar fari ya zama ja. A shanya a ɗaki, a goge da ɗan danshi, a kiyaye tartsatsin gawayi, a rufe a kwano na musamman.

A ƙungiyoyinmu Musulma da Kirista tabarma ɗaya muke zama, akwati ɗaya muke zubi. Yadda ba ma son a wulaƙanta darduma, haka za mu riƙe kayan ibadar wasu. Wadda ta riƙe wannan amana, aiki zai riƙa nemanta har gida.