Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Filin Tsibiri

Kudu da tashar jiragen ruwa ta Apapa, tsakanin mashigar ruwan Badagry da tekun Atlantika, akwai ƙauyukan da mota ba ta zuwa, sai kwale-kwale: Tarkwa Bay, Ilashe, Ibeshe, Tomaro, Sagbokoji, Igbologun. Asalinsu matsugunan masunta ne. Yau kuwa attajiran Legas sun ɗanɗana iskar wurin, suna ta gina gidajen hutu a Ilashe, dillalai kuma na yawo da hotunan filaye a waya suna cewa a yi maza kafin farashi ya tashi. Tallan na isa Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda 'yan kasuwarmu suke. Wasu 'yan uwanmu ma tuni suna can tsibiran, masu gadi da leburori da masu tireda, wani ya kafa rumfa, wani ya tayar da ɗaki. Maganar ta shafe mu ke nan.

Abin da mutumin tudu ke yawan mantawa shi ne ƙasar bakin teku ba ta zama wuri ɗaya. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa na kwasar yashi daga yamma tana tura shi gabas, dare da rana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar Legas don kada yashi ya toshe wa jiragen ruwa hanya. Buƙatarsu ta biya. Amma yashin da ya saba wucewa sai ya riƙa taruwa a yammacin katangun, ɓangaren Tarkwa Bay, ya daina isa Bar Beach da ke gabas. Teku ya yi ta cin gaɓar shekara da shekaru, har ta kai ga ruwan gishiri na hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Daga baya aka cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, aka kare ta da wata ƙatuwar katanga. Mutanen Okun Alfa da ke gaba ta gabas, waɗanda teku ya cinye musu gidaje da itatuwan kwakwa, sun daɗe suna kukan cewa ruwan da aka kora daga can ne ya dawo kansu. A bakin teku, abin da wani ya gina a gabansa, maƙwabcin da ke ƙasan igiya ne ke biyan kuɗinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a barin kowa ya yi gini yadda ya ga dama, ko da kuwa filin gadon kakansa ne.

Ƙa'idojin izinin gini na Jihar Legas sun ce a bar tazarar mita 150 tsakanin gini da teku, mita 50 daga babban tafkin Legas, mita 15 daga kogi. A lissafa wannan a kan siririn tsibirin da teku ke gabansa, mashigar ruwa ke bayansa. In aka cire ta gaba aka cire ta baya, abin da ya rage bai kai yadda dillali ke nunawa da hannu ba. Filin da ya fi yabawa kuwa, wanda zai ce maka kana kwance kana jin ƙarar teku, shi ne ya fi kusa da faɗawa cikin haramtacciyar tazarar. Tazarar kuma ba don ado aka sa ta ba. A watan Agusta na 2012 teku ya tumbatsa a Kuramo, ya share rumfuna da ɗakunan katako da ke bakin ruwa, aka rasa rayuka.

Sai maganar ruwan sha, wadda ba kasafai mai sayen fili ke tambaya ba. Ruwan daɗin da ake samu a rijiyar tsibiri ruwan sama ne da ya nutse cikin yashi, yake shawagi a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Masana sun ƙiyasta cewa duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗaga sama da matakin teku, akwai kamar mita 40 nasa a ƙasa. Wato in aka zuƙe shi ya sauka da mita ɗaya kacal, ruwan gishiri zai yunƙuro sama kamar ninkin haka sau arba'in. Ƙauyen da ya yi shekaru yana rayuwa da guga da 'yan rijiyoyi, gidan hutu guda mai burtsatse da injin da wurin ninkaya ya isa ya sa rijiyoyinsa su yi zartsi. In kuwa gishiri ya shiga rijiya, fitarsa aiki ne. Haka masai: a yashi, ƙazanta na ratsawa da sauri, kuma ruwan ƙasa yana kusa. Wanda ya haƙa shadda kusa da rijiyar maƙwabci ya haɗa unguwa da amai da gudawa. Tsarin gari na ƙwarai a irin wannan wuri yana fara duba yawan mutanen da ruwan zai iya ɗauka kafin ya duba yawan filayen da za a yanka.

Masu yasar yashi da masu sare itatuwan fadamar bakin ruwa, waɗannan masu saiwoyi a waje da kifi ke ƙyanƙyasa a cikinsu, su ma suna rage tsawon ran tsibiri. Yashin da aka kwasa aka sayar wa masu bulo, shi ne dai garkuwar ƙauyen.

Yanzu takardu. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, yawanci na shekara 99, kuma sayar da filin da ke da irin wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. A Legas akwai ƙarin tarko. Gwamnati ta karɓe manyan yankuna tun shekarun baya, sannan ta riƙa yanke wa wasu ƙauyuka wani kaso tana mayar musu, ana buga sanarwar a gazet. Baale, wato dagacin ƙauye, ko 'yan gidan da ake kira omo onile na iya sayar maka da fili, su ba ka rasit mai tambari, a kira shaidu, a ci a sha, alhali filin yana wajen kason da aka mayar musu. Rasit ɗin shaida ce cewa ka biya kuɗi, ba ta wuce nan ba. Maganin wannan shi ne ka ɗauki safiyo mai rajista, naka ba na mai sayarwa ba, ya auna filin ya fitar da lambobinsa, a kai ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe. Wanda ya biya kafin wannan ya yi cinikin biri a sama.

Takardar mallaka ma ba izinin gini ba ce. Izinin tsarin gini hukumar LASPPPA ke bayarwa, LASBCA kuma ita ke duba ginin yayin da yake tashi, ita ce mai jan fenti da rusau. A bakin ruwa iyayen gijin sun fi haka yawa. Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsarin gari da izinin gini hurumin jiha ne. A Janairun 2024 kuma ta yanke cewa hanyoyin ruwa na cikin ƙasa hurumin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar NIWA, wadda dokarta ta ba ta iko da mita 100 daga bakin hanyar ruwa. Ga hukumar tashoshin jiragen ruwa da nata filaye, ga bututun mai da tasu tazarar. Mutum na iya gamsar da ofis guda, wani ofishin ya zo da katafila.

A nan dole a faɗi gaskiya: dokar ba ta hawa kan kowa daidai. A watan Yulin 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka rushe unguwar Maroko, aka tashi mutane kimanin 300,000, da hujjar cewa wurin kwari ne da bai dace da zaman mutane ba. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin unguwanni mafi tsada a Legas. A Yulin 2012 aka ba wani ɓangare na Makoko wa'adin awa 72. A Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka tarwatsa Otodo Gbame, dubban masunta suka kwana a cikin kwale-kwale, duk da cewa maganar tana gaban kotu. A Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta ce korar mutane ba tare da sanarwa da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mutanen Tarkwa Bay da ƙauyukan kewaye, bisa zargin fasa bututun man da ke tafiya daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. Mai laifi da marar laifi, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wani zai ce to tunda haka ne mene ne amfanin bin ƙa'ida? Ni a ganina akasin haka ya kamata a fahimta. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ga wanda ya iya nuna haƙƙinsa. Ko gidan shaƙatawa na Landmark, da duk kuɗinsa da lauyoyinsa, ya rasa bakin ruwansa a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. To ina ga mai rasit ɗin baale? Takarda ba ta hana katafila zuwa a kowane lokaci, amma ita ke raba wanda za a zauna da shi a teburi da wanda za a kira ɗan share-wuri-zauna.

Su kansu mutanen ƙauyukan, tsari ya fi yi musu amfani fiye da kowa. Masunci na buƙatar inda zai ja kwale-kwalensa, inda zai shanya koma, inda mata za su banda kifi, da hanyar da zai bi ya isa ruwa. Waɗannan wurare ba na kowa ba ne, shi ya sa su ake fara sayarwa. Ɗan Arewa ya san abin da ya faru da aka nome burtali. Katangar gidan hutu da ta tsaya tsakanin masunci da teku haka take. In ƙauye ya zauna ya ware mashigar jirage da makabarta da filin makaranta da wuraren ibada, ya sa aka auna su aka shigar cikin taswira, baale mai kwaɗayi ba zai iya sayar da su a ɓoye ba. Mutanen Makoko sun gane haka: a 2019 matasansu suka haɗa kai da ƙungiyar Code for Africa suka zana taswirar unguwarsu, domin wurin da ba ya cikin taswira, a idon ofis fili ne babu kowa. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta wajabta a baje rahoton duk wani babban aiki, irin su cike ruwa, don jama'a su duba su yi ƙorafi. Lokacin magana ke nan, ba ranar da injin yasa ya iso ba.

Wanda ke haya ko ya kafa rumfa a tsibiri, ya adana rasit ɗinsa da hotunan abin da ya gina a wani wuri dabam, kada kuma ya narka jarinsa duka a bulo a kan filin da bai san matsayinsa ba. Mai niyyar saye kuwa kada ya yarda a kai shi ganin fili da rani kawai. Ya koma tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da teku ke hauka, ya je a sa'ar da ruwa ya cika, ya bar dillali a gida, ya tambayi tsofaffin masunta inda bakin ruwa yake shekara goma da suka wuce da kuma inda ambaliyar bara ta tsaya. Sannan ya sa safiyonsa ya auna mita 150 ɗin daga inda ruwa yake yau.