Ranar da Kyaftin Amurka ya miƙa wuya: wa ke da gaskiya?

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi ko gidan kallo a Garwa, ya san cewa bayan gardamar ƙwallon Coton Sport, babu abin da ke ɗaga muryar samari kamar gardamar ƙarshen labari. Yau muna so mu waiwayi wata irin wannan gardama da ta raba kan masu karanta littattafan labari cikin zane, waɗanda a nan Kamaru ake kira BD, domin abin da aka yi saɓani a kansa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

A watan Mayu na 2006 ne kamfanin Marvel na Amurka ya fara fitar da wani labari mai suna Civil War, wato yaƙin basasa, wanda Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven kuma ya zana, cikin fitowa bakwai. Labarin ya soma ne da wasu matasan jarumai masu ƙarfi na ban mamaki da suka kai wa wasu miyagu samame a garin Stamford, ana ɗaukar su a talabijin. Ɗaya daga cikin miyagun ya tayar da fashewar da ta hallaka sama da mutum 600, har da yara 'yan makaranta. Nan take gwamnati ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane jarumi ya yi rajista, ya bayyana ainihin sunansa, ya kuma yi aiki ƙarƙashin hukuma.

Daga nan aminai biyu suka raba gari. Iron Man ya goyi bayan dokar, bisa hujjar cewa duk mai ƙarfin da zai iya rusa unguwa dole ne a san shi, a kuma iya tuhumarsa. Shi kuwa Kyaftin Amurka, wanda aka ƙirƙira tun 1941, ya ƙi, domin a ganinsa idan 'yan siyasa suka riƙe linzamin jarumai, su ne za su riƙa zaɓar wanda za a kira mai laifi.

A fitowa ta bakwai, cikin Fabrairun 2007, aka gwabza a tsakiyar birnin New York. Kyaftin ya kayar da Iron Man, saura ƙiris ya gama da shi, sai ga talakawan ma'aikatan agaji sun rufar masa sun riƙe shi. Da ya ɗaga kai ya ga irin ɓarnar da faɗan ya yi wa gidajen mutanen da yake cewa yana karewa, sai ya umarci mutanensa su dakata, ya miƙa hannu aka sa masa ankwa. A watan da ya biyo baya, a wata fitowar, aka harbe shi a matakalar kotu, har manyan kafofin labarai na Amurka suka ba da labarin mutuwarsa, duk da cewa an dawo da shi a 2009.

To, a nan ne fa masu karatu suka tashi tsaye. Wasu suka ce an ci amanarsu, domin ɓangaren da aka ba nasara shi ne ya gina kurkukun da ake tsare jarumai ba tare da shari'a ba, shi ne kuma ya ƙera kwafin jarumi Thor wanda ya kashe Goliath. Da yawa sun ga kamar ana nuni ne da dokar Patriot ta 2001 da sansanin Guantanamo da aka buɗe a 2002. Wasu kuma suka ce Kyaftin ya yi abin da ya dace, domin jarumin da jama'a suka daina amincewa da shi ba shi da sauran hujjar ɗaga hannu. Lokacin da aka mayar da labarin fim a 2016, an fara shi ne da fashewar da ta auku a Legas, aka kuma sauya ƙarshen: Kyaftin bai miƙa wuya ba, ya jefar da garkuwarsa ne, ya je ya fitar da abokansa daga kurkuku.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da rigimar mutanen takarda? Sai mu tuna masa da kwamitocin 'yan sintiri na Jihar Arewa Mai Nisa. Tun da hare-haren Boko Haram suka yi tsanani wajen 2014, musamman bayan tashin bama-bamai a Marwa cikin Yulin 2015, samari a wurare irin su Kolofata da Mora suka ɗauki kwari da baka da adduna da bindigogin gargajiya suna gadin ƙauyukansu, kamar yadda 'yan kato da gora suka yi a Maiduguri tun 2013. Wasunsu sun rasa rayukansu wajen tare 'yan ƙunar baƙin wake. Amma kuma a rahotonta na 2017, ƙungiyar International Crisis Group ta yi gargaɗi game da cin zarafi da ramuwar gayya daga wasu 'yan sintiri a yankin Tafkin Chadi, da kuma abin da zai biyo baya idan yaƙi ya ƙare makamai na hannunsu.

Ke nan tambayar Iron Man tamu ce: wa zai tuhumi mai gadi idan ya yi zalunci? Haka ma tambayar Kyaftin: wa zai tuhumi hukumar da ke riƙe da mai gadin? A namu ganin, abin da ya sa ƙarshen labarin ya yi wa masoyansa ciwo shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Rajistar 'yan sintiri wurin hakimai da sarakuna wajibi ce, amma ba ta wadatar ba sai talaka ya sami inda zai kai kukansa, ko a kan ɗan sintiri ko a kan wanda ya ba shi izini. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.