Yadda Ake Kai Sautin Akwati Ƙofar Gida

Da bazara ɗaki ba ya zaunuwa. A Dayi da ƙauyukan kewaye, da an yi sallar isha'i sai kowa ya fito da tabarmarsa ƙofar gida. Rediyo da talabijin kuwa suna ɗaki, gama ƙura da ruwa suna ɓata su. To, yaya mutanen waje za su ji labaru? Sai mu bar inji a ɗaki, mu ja waya zuwa lasifika a waje.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1944 aka buɗe rediyon waya a Kano. Inji yana wuri ɗaya, an ja wayoyi zuwa gidajen mutane. Akwatin da ke cikin gida ba ya kama tasha da kansa. Lasifika ce kawai, abin da waya ta kawo shi take faɗi.

Injin da ke ba sauti ƙarfi sunansa amfilifaya. Waɗansu an yi su don wuri biyu. Ku juya bayan injin ku duba. In kun ga an rubuta Zone 2 da Turanci, ma'anarsa wuri na biyu. Nan ake ɗaura wayar waje.

Sau da yawa mutum ya ɗaura waya daidai, amma waje shiru. Sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da mataccen kaya. Galibi kuwa kayan lafiyarsu lau. Mu tuna da mai lambu a fadama. Injin ban ruwansa ɗaya, fangalinsa biyu. In bai buɗe hanyar fangali na biyu ba, ruwa ba zai je can ba. Haka wuri na biyu yake. Yana da makunninsa dabam. Yana da maɓallin ƙararsa dabam. Sa'an nan sai an zaɓa masa abin da zai faɗi, ko rediyo ko talabijin. A waɗansu injuna ma sai an shiga tsarinsu, an ware wa waje kafa biyu daga cikin kafofin lasifika.

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka iya. Wayar talabijin ta zamani ana ce da ita HDMI, tana ɗauke da hoto da sauti tare. Injuna da yawa, musamman tsofaffi, ba sa aika sautin wannan waya zuwa wuri na biyu. Rediyo zai fita waje sarai, amma aka koma kallon ƙwallo sai tsit. Maganinsa ba tsada. A nemi tsohuwar wayar nan mai kai biyu, ja da fari. A haɗa ta daga akwatin tauraron ɗan adam zuwa amfilifaya, a bar HDMI inda take. Sa'an nan a zaɓa wa waje wannan sabuwar kafa. In an yi duk wannan sauti bai fito ba, watakila kafar ba mai ƙarfi ba ce, tana bukatar ƙaramin amfilifaya nata.

Yanzu ga abin da ke ƙona dukiya. A bayan kowace lasifika akwai lamba, yawanci 8 ko 4, da kalmar om. Lambar tana nuna nauyin da lasifika za ta ɗora wa inji. Ku lura da kyau: ƙaramar lamba ita ce kaya mai nauyi. In aka murɗe wayoyin lasifika biyu masu 8 aka cusa a kafa ɗaya, sun zama 4. In aka sa huɗu, sun zama 2. Jaki ɗaya ke nan aka ɗora wa buhu huɗu. Inji zai yi zafi, ya riƙa kashe kansa, wata rana ya ƙone. Kuɗin gyara a Malumfashi ko Funtuwa yakan fi kuɗin lasifikar da aka ƙara. Mu karanta lambar da ke bayan inji, kada mu sauka ƙasa da ita.

Kafin a taɓa waya a kashe inji tukuna. Waya tana da sili biyu. Mai alamar + ya tafi jan kai, mai alamar − ya tafi baƙi, a inji da lasifika duka. In aka juya na lasifika ɗaya ba abin da zai ƙone, sai dai murya ta yi siriri. Amma in silin biyu suka taɓa juna, ko da gashi ɗaya na tagulla ne, inji yana cikin haɗari. A murɗe bakin waya sosai.

In tafiyar da nisa, a sayi waya mai kauri, gama siririya tana shanye ƙarfi a hanya. Kada a bi da ita jikin wayar lantarki. Lasifikar katako ta ɗaki ce, ruwa yana kumbura ta, gara tana cinta. Ta waje ita ce mai baki kamar kakaki, irin ta masallaci, ko mai jikin roba. A rataye ta ƙarƙashin rufi, bakinta ya ɗan dubi ƙasa don kada ruwa ya kwanta ciki. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare inji daga wuta, a cire wayar waje har ruwa ya ɗauke.