Dafin da Ke Kwance a Gindin Kogi

Galibin jama'a, idan suka tsaya bakin kogi suka ga ruwa ya kwanta garau, sai su yanke masa hukuncin tsarki, alhali kuwa zahirin ruwa ba ya zama hujja a kan baɗininsa. Akwai ma'adinai masu nauyi, irin su zaiba da dalma, waɗanda idan suka shiga kogi ba sa ruɓewa, sai dai su manne wa laka su nutse, musamman inda kogi ya kusanci teku gudunsa ya yi sanyi, su tare can shekara da shekaru.

Daga cikin taɓon nan musibar take farawa, domin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna juya zaiba ta koma dafi mai kama tsoka. Tsutsa da ƙaguwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya haɗiye ƙarami, dafin yana ta ninkuwa, har ya iso akushin ɗan Adam. Wanki ba ya fitar da shi, haka suya da banda.

Mutanen Japan sun ɗanɗana wannan. Masana'antar Chisso ta yi ta zubar da dagwalo mai zaiba a gaɓar Minamata har 1968. Kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa teku, kafin a 1956 likitoci su shaida cutar a jikin mutane: gaɓoɓi su mace, harshe ya karye, gani ya ƙuntata, a haifi jarirai da nakasa alhali iyayensu mata ba su ji ciwon komai ba. A 1965 aka sake ganin irinta a kogin Agano. Duk da kwashe lakar da aka yi da maƙudan kuɗi, sai a 1997 hukuma ta yarda a ci kifin Minamata.

To, ga shi yau a Ghana masu haƙar zinariya ta bayan fage, wato galamse, suna wanke ƙasa da zaiba a kogunan Pra da Ankobra masu malala zuwa teku, kuma kifi ba ya zama inda aka kama shi, fatake na kai shi har kasuwannin zango.

Saboda haka wajibi ne magidanci ya tambayi asalin kifin da yake saya, ya kuma nisantar da mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara daga manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, muddin daga kogin masu haƙar zinariya suka fito.