Rezon Gaya a cikin ɗakin gwaji

Ɗaya daga cikin manyan wayoyin fiba da ke kawo wa Nijar intanet tana tasowa ne daga gaɓar teku a Kwatano, ta ratsa Benin, ta shigo ta Malanbil da Gaya, sannan ta nufi Dosso da Yamai. A Yulin 2009, da wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta lalace, Benin da Togo da Nijar sun kwana cikin duhun sadarwa. Wanda ya ƙera manhajar aika kuɗi ba zai zauna jiran irin wannan rana ba kafin ya san ko abinsa zai jure.

Shi ya sa masana suke gina rezo na kwaikwayo. A kwamfuta guda ana iya ƙirƙiro ɗaruruwan na'urori na ƙarya, a haɗa su, a ɗora musu manhajar gaske. Da kayan aiki irin netem na Linux sai a umarci layin ya jinkirta saƙo, ko ya zubar da kashi 5 cikin 100, a ga yadda manhajar za ta kaya. Don irin wannan gwaji Jami'ar Utah ta gina Emulab, Stanford ta fitar da Mininet a 2010, wanda ɗalibi ke iya kunnawa a ƙaramar kwamfutarsa.

Matsala biyu ke cin masu wannan aiki. Ta farko girma: idan na'urorin ƙarya suka yi wa kwamfuta yawa, ita kanta sai ta fara nawa, mai bincike ya ɗauka jinkirin daga layi ne. Wata dabara ita ce a rage wa agogon na'urorin gudu, daƙiƙa 10 ta zama ɗaya a wurinsu, kwamfutar ta samu sararin numfashi.

Ta biyun, a ganina, ta fi damun mu. Kwaikwayo ba ya wuce abin da aka auna aka zuba masa, kuma galibin awon daga biranen Turai da Amurka yake. A Gaya kuwa, inda ruwan sama ya fi na kusan ko'ina a Nijar, hadari na raunana layukan da ke bi ta iska. Wuta ta ɗauke, eriya ta koma kan janareto. Salular ɗan kasuwa a bakin gadar iyaka tana iya kama rezon Benin, a hanyar Kamba ta kama na Najeriya. Wannan hawa da sauka ba a rubuta shi da lamba ɗaya.

Facebook ma ya gane haka: a 2015 ya riƙa ba ma'aikatansa zaɓin rage gudun intanet ran Talata zuwa na 2G. Amma awon gaske ba ya bukatar kuɗin Facebook. Ɗalibin Jami'ar Dosso da salula a aljihu, a bayan kabu-kabu daga kasuwar Gaya zuwa iyaka, zai iya naɗar gudun layi daƙiƙa bayan daƙiƙa, rani da damina. Manhajar Mahimahi ta MIT tana karɓar irin wannan naɗi, ta sake kunna shi a kowane ɗakin gwaji.