Idan lumfashi ya gaza

Ku aza hannu bisa ƙirji, ku ƙirga lumfashinku. Babban mutum da ke zaune yana lumfasawa sau 12 zuwa 20 cikin minti guda. Na yara ya fi haka sauri.

Lumfashi aiki biyu yake yi. Yana kai oksijan cikin jini, kuma yana fid da gurɓatacciyar iskar da ake ce ma gaz karbonik. Jikinmu yana yin wannan iska dare da rana, kamar yadda murhu ke yin hayaƙi. In huhu ya kasa fid da ita, sai ta taru, ta narke cikin jini, jinin ya yi tsami. Ba irin tsamin da harshe ke ji ba ne. Lokotoro ke auna shi da ma'aunin pH. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7,35 da 7,45. In ya sauka ƙasa da 7,35, tsami ya yi yawa.

Mi ke hana huhu aikinsa? Sau da yawa hanyoyin iska ne ke ƙuntata. Haka take faruwa ga mai fuka in ta tashi da ƙarfi, da wanda ya daɗe yana shan taba. Har uwayenmu da ke girki da itace cikin ɗaki marar taga: hayaƙin nan yana cin huhunsu sannu a hankali, shekara da shekaru.

Wani lokaci huhun lafiya lau yake, amma naman da ke motsa ƙirji ya shanye. Cutar shan inna tana iya kawo haka, da dafin wasu macizai.

Ƙwaƙwalwa kuma ita ke ba ƙirji umurni, ko muna barci. Bugu mai tsanani a kai, ko yawan shan ƙwayoyi irin taramadol da maganin barci, suna rage wannan umurni, sai lumfashi ya lafa.

Ƙoda tana kawo gudunmuwa. Tana riƙe wani gishiri mai kashe tsami, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Amma tana bukatar kwana 3 zuwa 5, ciwon kuwa ba kullum yake jira ba.

Marar lafiyar yana fama da ciwon kai, hankalinshi yana rikicewa, barci yana fizgar shi. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Wanda ya kwana yana haki, in ya yi lamo, sai a ce ya samu sauƙi. Mai yiwuwa gajiya ce ta kama ƙirjinshi. In an kira sunanshi bai farka sosai ba, ku gaya ma manya a kai shi likita nan take.